Kafin Yaro Ya Hau Itace Dakon Nama

Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, babu irin abin da samarinmu ba sa gani. Daga cikin abubuwan da suke nuna wa juna a majalisa akwai hotunan wasu maharba na ƙasar Amurka, waɗanda kan rataye kansu da igiya a jikin itace, can sama, su yi tsit har barewa ta zo wucewa ta ƙarƙashinsu su sakar mata kibiya. Wasu daga cikin yaran har sun fara tambayar nawa ne kuɗin kayan, da kuma ko 'yan'uwa da ke ƙasashen waje za su iya aiko musu da su. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan wata, domin abin da suke ɗauka sabo ne, Bahaushe ya daɗe da saninsa, sunansa dako. Kuma ga wanda yake son farawa, sayen kaya shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame shi.

Mu 'yan Zangon Wagadugu yawancinmu jikokin fatake ne da mahauta da wanzamai da malamai da masu magani, waɗanda suka biyo hanyar Gwanja ta Fadan Gurma suka sauke kaya a ƙasar Mosi. Amma ba mu taɓa nisa da maharba ba, domin mai magani a wurinsu yake samun fata da ƙaho da saiwa. A da, yaron da ya tashi a Peuloghin ko Zangouettin ko Tiedpalogo, in yana sha'awar daji, yakan samu tsohon da zai zauna kusa da shi a zaure ya ji yadda abin yake. A shekarar 2003 aikin ZACA ya rushe waɗannan unguwanni, jama'a ta watse, wasu aka ba su fili wajen Ouaga 2000, wasu Nioko. Zaure ya tafi, tsofaffi da yawa sun riga mu gidan gaskiya, yaro kuwa sai waya ta zama malaminsa. Ita waya lokacin harbi kawai take nunawa, ba ta nuna shekarun da aka yi ana koyo.

Yadda sirdin yake

Abin da Amurkawan ke amfani da shi muna iya kiransa sirdin itace. Wani ƙyalle ne mai ƙarfi da ake ɗaurawa a ƙugu, ya tallafi mazaunin mutum kamar majanyi. Ana ɗaure igiya ɗaya a gangar itacen, sama da kan maharbi, a maƙala ta a gaban sirdin da ƙugiyar ƙarfe mai kullewa. Sai mutum ya ɗora ƙafafunsa a kan wani ɗan faranti da aka ɗaure a jikin itacen, ya jingina baya, fuskarsa na kallon gangar, igiya na ɗauke da nauyinsa. Ana hawa ne da gajerun sanduna masu matakala da ake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma igiya ta biyu da ke zagaye mutum da itacen gaba ɗaya yayin hawa da sauka. Yawancinsu kan tsaya a tsayin mita 5 ko 6.

Amfaninsa shi ne ba shi da nauyi, mutum na iya sa shi a jaka ya yi nisa a ƙafa, yana iya juyawa ya yi harbi ta kowane ɓangare, gangar itacen kuma tana ɓoye shi daga idon dabba. Dabbar da suke dako ita ce barewarsu mai farar wutsiya, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa da yake zubarwa kowace shekara. Babu irinta a ƙasashenmu. Namu su ne gada da mazo da batsiya da kwanta-rafi da mariya, sai manya irin su kanki da gwanki.

Dakon kakanninmu

Maharbin Hausa yana da hanyoyi da yawa. Akwai farautar taro da karnuka da sanduna. Akwai sanɗa, inda maharbi kan ɗaura kan burtu na sassaƙe a goshinsa, ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci nama. Akwai kuma dako, watau a gano inda dabba ke shan ruwa, ko inda take lasar ƙasa mai gishiri, ko itacen da take zuwa cin 'ya'yansa, sai a haye sama tun kafin ta zo, a gitta 'yan itatuwa tsakanin rassa a zauna. Dalilin hawa ɗaya ne a nan da Amurka: dabba ta fi sa ido a kan abin da zai fito mata daga cikin ciyawa, warin mutum kuma in yana sama iska takan ɗauke shi ta bisa kanta.

Abin lura shi ne, babu wanda ke wayar gari ya zama maharbi. Yaro yakan yi shekaru yana bin ubangidansa, yana ɗaukar masa gora da burgami, kafin a ba shi kwari da baka. Maharba kuma suna da shugabansu, Sarkin Baka, wanda ke tsawata wa mai karya ƙa'ida. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, wannan karin magana kuwa kamar don mai dako aka yi ta.

Doka tukuna

Mataki na farko ofishin ma'aikatan ruwa da gandun daji ne. Dokar daji ta Burkina Faso, wadda aka kafa a 1997 aka sabunta a 2011, ta raba farauta gida biyu: ta wasa, wadda sai da takardar izini da biyan kuɗi, da ta gargajiya, wadda aka bar wa mutanen ƙauye a cikin yankin ƙasarsu don abincin gida. Ɗan birni da ya hau babur ya faɗa dajin wani ƙauye ba ya cikin wannan kashi na biyu. Gwamnati ce ke sanar da ranar buɗe farauta da ranar rufewa, a cikin rani. An hana farautar dare da fitila, an hana sa wuta a daji don korar nama, an hana guba, ke nan dafin kwankwani da kakanni ke shafa wa kibiya ya zama tarihi. Bindiga kuma tana da nata izinin dabam. Wuraren farauta kowanne yana da ƙa'idarsa, don haka mai son dako ya tambayi jami'in yankin ko an yarda da shi a wurin kafin ya ɗaura igiya.

Bayan hukuma akwai masu ƙasa. Mu baƙi ne da aka karɓa hannu biyu, zaman lafiyarmu da Mosawa da Gurunsi da Gurmawa ya fi kowane nama daraja. Akwai kurmi da tafki da itatuwan da mutanen gari ke girmamawa, ba a taɓa su. A gai da sarkin gari, a gai da mai kula da al'adun ƙasa wanda Mosawa ke kira tengsoba, a nemi maharbin garin ya zama jagora. Shi ne zai maye gurbin tsohon zauren da muka rasa.

Karatun ƙasa

Mataki na biyu ana yin sa ne ba tare da makami ba. Mai koyo ya san sawun gada da na mazo, ya san kashin jiya da na yau, ya gane turbar da dabba ta saba bi daga makwancinta zuwa ruwa. Ya san itatuwan da ke jawo nama: kanya da ɓaure da aduwa in suna zubar da 'ya'ya, da gawo a tsakiyar rani. Ya san cewa da sassafe da kuma yamma liƙis ne dabbobi suka fi motsi. Wanda bai taɓa ganin waɗannan dabbobi ido da ido ba, ga dajin Bangr-Weoogo nan cikin birni, inda ake ajiye wasu daga cikinsu. Sunan ma da yaren Mosi yana nufin dajin ilimi. Ba a farauta a cikinsa, amma ana koyon kallo da haƙuri.

Sai iska. Hancin dabba ya fi idonta. Maharbi yakan riƙe ɗan ƙullin toka, ya saki kaɗan ya ga inda za ta nufa, sa'an nan ya zaɓi itacen da iska za ta taso daga wajen dabba ta zo gare shi. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa, wannan yana sauƙaƙa lissafi. Turare da taba da sabulu mai ƙamshi duk a bar su a gida.

Igiya ita ce rai

A Amurka, faɗowa daga itace na cikin abubuwan da suka fi jikkata maharban barewa, har ya fi harbin kuskure yawa a wurare da dama, kuma galibi yayin hawa ko sauka abin ke faruwa. Su ke nan da ke da motar asibiti a kusa. Mu tuna yadda zai kasance ga wanda ya karya baya a dajin da ke nesa da kwalta.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, daga lokacin da ƙafa ta bar ƙasa har ta dawo, mutum yana ɗaure da itacen. In zai wuce reshe, sai ya maƙala igiya ta biyu kafin ya kwance ta farko. Igiyar guga ko ta ɗaure kaya a mota ba ta wannan aiki, sai irin wadda aka yi don ɗaukar mutum, a kuma riƙa duba ta, domin rana tana cin igiyar leda. Mai koyo ya fara a tsakar gida, a tsayin da bai wuce gwiwa ba, ya yi ta hawa da sauka da juyawa har hannunsa ya saba. Ba a hawa da makami a hannu, ana jawo shi da wani zare dabam bayan an zauna daram.

Itacen ma sai an zaɓa. Ya zama ɗanye, mai ƙwari irin tsamiya ko maɗaci, wanda igiya za ta iya zagaye shi. Kuka ta yi kauri da santsi, aduwa ƙaya gare ta, wanda gara ta ci kuwa tarko ne. A duba kogo da kyau saboda zuma da maciji, domin wanda zuma ta taso wa yana rataye ba shi da wurin gudu. A tafi da ruwan sha, musamman a Maris da Afrilu da zafi kan wuce awo 40, jiri na iya kama mutum a sama. Kuma kada a tafi sai an gaya wa wani inda za a, da lokacin dawowa.

In nama ya zo, ba a gaggawa. Mai baka kada ya wuce nisan da ya tabbata yana samun bara, wajen taku 20. A bar dabbar ta ba da gefe, a nufi bayan kafaɗa, a ambaci sunan Allah, in an same ta da sauran rai a yanka. Mace mai ciki ko mai ɗa ba a taɓa ta. Wanda ya ji wa dabba rauni, bin jininta ya zama wajibi a kansa.

Ina naman yake?

Wannan ita ce tambayar da hotunan waya ba sa yi. Wajen 1900 barewar Amurka ta kusa ƙarewa, ba ta kai rabin miliyan ba. Sai suka hana cinikin namanta, suka ƙayyade lokaci da adadi, a 1937 kuma suka yi dokar da ta sa harajin bindiga da harsashi ya riƙa tafiya wajen kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Maharbin da ke rataye a can yana cin gajiyar haƙurin kakanninsa ne.

Mu ma mun taɓa ganin amfanin haƙuri. Ƙasar nan ta rufe farauta daga 1980 zuwa 1985 saboda nama ya yi ƙaranci. A Nazinga, kusa da Po, inda wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, Clark da Robert Lungren, suka kafa gandu a 1979, an tare ruwa da ƙananan madatsai, an yi tsaro, giwa da gwanki suka dawo. Tsaron kuwa ba kyauta ya zo ba: gandun Po ya koma Kaboré Tambi ne don tunawa da wani ma'aikacin daji da ɓarayin nama suka kashe.

Yanzu kuma ga matsalar tsaro. Dazuzzukan gabas, watau W da Arli, waɗanda suka shiga jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2017, tun wajen 2018 'yan bindiga suka shige su. A Afrilun 2021 an kashe 'yan jarida biyu 'yan Sifen da wani ɗan Ailan mai kare namun daji a yankin Pama. A irin wannan zamani, saurayin da aka gani a kan itace da makami, babu mai tsayawa ya tambaye shi ko gada yake dako.

Don haka shawararmu ga samari ita ce, sha'awarku ba laifi ba ce, gado ne. Amma ku fara daga ƙasa. Ku nemi izini, ku nemi ubangida, ku yi rani guda kuna bin sawu hannu rabbana. In kun hau, ku hau da igiya biyu, ku ɗauko hoton mazo da wayar nan taku, domin wanda ya iya zama har mazo ya zo ƙarƙashinsa bai ji shi ba, ya riga ya iya mafi wuyar aikin. Iyaye kuma da suka san wani tsohon maharbi, a Nioko ne ko a ƙauye, su kai yaran su gaishe shi tun yana da sauran ƙarfin magana. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kiyaye mana 'ya'yanmu.