Zamba: Takardun Bogi da Sunan Yuraniyom Ɗin Arlit

Shirinmu na yau daga Arlit yake zuwa muku, kuma a kan zamba zai tsaya.

A kasuwa, wanda ya zuba ruwa a nono algus ya yi. Wanda ya karɓe maka kuɗi da daɗin baki ya ɓace, ɗan damfara ne. Zamba ta fi su zurfi, domin sai an amince da kai take ciwuwa, shi ya sa ko a gaban alƙali ake cewa zamba cikin aminci. Mazambaci yakan ari suna mai daraja, ko hatimi, ko sa hannun wani babba, ya ɓuya a bayansu.

Haka aka yi wa ƙasar nan tamu, Nijar. A 1971 kamfanin Somaïr ya fara haƙar yuraniyom a Arlit, kamfanin Cominak ya bi sahu a Akokan a 1978. A 2002 sai ga wasu takardu sun ɓulla a birnin Rum na Italiya, ɗauke da tambarin gwamnatin Nijar, wai an ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyom da Saddam Hussein na Iraƙi. Ku ji fa, jama'a: ɗaya daga cikin wasiƙun, mai kwanan watan Oktoba na 2000, sunan Allele Elhadj Habibou ke kanta a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989!

Tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson ya zo Yamai a Fabrairun 2002 don bincika zancen cinikin, ya koma ya shaida wa waɗanda suka aiko shi cewa da wuya a yi irin wannan ciniki a ɓoye. Duk da haka, a Janairun 2003 Shugaba Bush na Amurka ya tsaya gaban majalisarsa ya ce Iraƙi ta nemi yuraniyom a Afirka. Ran 7 ga Maris, Mohamed ElBaradei na hukumar makamashin nukiliya ta duniya ya faɗa wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na bogi ne. Ba a cika mako biyu ba aka far wa Bagadaza.

Har yau wasu na kiran wannan abu kuskure. Ni kam ban yarda ba. Wanda ya zauna ya kwaikwayi hatimin wata ƙasa ya san abin da yake yi, kuma da gumin leburorin Arlit da Akokan ya yi wa ƙaryarsa ado, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.