Wakilin Na'ura: Gwajinsa da Kuɗin Hayarsa

 Shirinmu na musamman na yau daga Kurmin Mashi yake zuwa muku, a nan arewacin birnin Kaduna, gefen titin Nnamdi Azikiwe da aka fi sani da baifas. Batunmu shi ne sabon nau'in manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ake aika ta aiwatar da aiki da kanta. Masu sana'ar suna kiran irinta wakili. Yaya ake gane cewa wakili ya iya aikinsa, kuma wa ke biyan hayar injinan da yake aiki a kansu?

Manhaja irin ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, amsa take ba ka, shawara kuma tana hannunka. Wakili kuwa makulli ake damƙa masa. Yana buɗe kundin kaya, yana aika saƙo, yana rubuta rasit, wani lokaci har kuɗi yake taɓawa. A ce wani matashi a unguwar nan, cikin waɗanda suka samu horon 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya haɗa wa mai sayar da kayan gyaran mota wakili a WhatsApp. Kwastoma ya rubuto yana neman fitilar Golf, wakilin ya duba ko akwai, ya faɗi farashi, ya ware kayan. Idan farashin bara ya faɗa, mai shago ne zai kwana da asarar.

Irin haka ta riga ta faru da manya. A watan Fabrairun 2024, wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda manhajar hira ta kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin waɗanda aka yi wa rasuwa. Kamfanin ya so ya ɗora wa manhajar laifin, kotu ta ƙi. A watan Yulin 2025 kuma, wakilin rubuta manhaja na kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani mai amfani da shi, alhali an umarce shi kada ya canza komai.

Kanikawan Kurmin Mashi sun san wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta. Oga ba ya sakar wa yaron gareji motar mutane don ya ɗaure birki daidai sau ɗaya. Sai ya ga hannunsa a mota goma, da safe da yamma, har ranar da ya gaji. Masu bincike a Amurka sun bi wannan hanya a 2024, a wani ma'auni mai suna tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar. Sun sa wakilai su yi hulɗa da kwastomomin gwaji, kamar mai son mayar da kaya ko canza tikitin jirgi, sannan suka duba kundin ajiya a ƙarshe su ga ko aikin ya yiwu yadda ya kamata. Injin basira na GPT-4o, wanda yake cikin na gaba-gaba a lokacin, bai kai ga cin rabin ayyukan ba. Da aka maimaita aiki ɗaya sau 8 a ɓangaren saye da sayarwa, ayyukan da ya yi daidai a duka takwas ɗin ba su kai kashi 25 cikin 100 ba. Wannan adadi na biyu shi ne ya shafi mai shago, domin kwastomominsa ba sau ɗaya suke zuwa ba.

Duk wannan da Turanci aka yi shi. Da Hausa fa? A nan 'ya'yanmu sun yi abin a yaba musu. Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano, tare da abokan aiki irin su Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun fitar da NaijaSenti a 2022, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Yarbanci, Ibo da Burokan da aka tantance da hannu don auna ko na'ura tana gane yabo da suka. A 2023 aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, mai harsunan Afirka 14. A 2024 David Adelani da tawagarsa suka kawo IrokoBench, wanda ya gwada lissafi da ilimin gama-gari da Hausa da wasu harsunan nahiyar, ya kuma nuna tazara mai faɗi tsakaninsu da Turanci.

Sai dai waɗannan ma'aunai fahimta suke aunawa. Ba su gaya maka ko wakili zai iya da ɗan kasuwar Kaduna mai cakuɗa Hausa da Turanci a layi ɗaya, ya rubuta ba tare da lanƙwasar haruffa ba, ya biyo da saƙon murya yana cewa a rage masa. Don haka dole matashin namu ya gina nasa ma'aunin. Ya tattara saƙonni na gaskiya daga shagon, da izinin masu su, ya cire sunaye da lambobin waya kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙata. Ya rubuta abin da ya dace wakilin ya yi a kan kowane saƙo, har da wuraren da daidai shi ne ya ce bari in tambayi oga. Kuma gwajin ya gudana a kan kwafin kundin shago, na ainihin yana kulle.

To, a nan ne kuɗi ke shigowa. Wakilin ba a cikin wayar matashin yake zaune ba. Yana aiki ne a manyan kwamfutocin haya da ake kira kilawud, kuma manyan cibiyoyinsu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu: Microsoft ta buɗe nata a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Da dala ake yanka farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Amazon ta fara karɓar naira a farkon 2025, wanda ya rage wahalar neman katin dala, amma bai rage tsadar ba.

Wakili kuma ya fi manhajar hira cin kuɗi, domin aiki ɗaya kan sa ya koma ga injin sau da yawa, kowane komawa da cajinsa. Ana cajin ne bisa gutsattsarin rubutu, kuma yawancin injinan nan sun fi daddatsa jimlar Hausa fiye da takwararta ta Turanci. Ayyukan gwaji 100, kowanne sau 8, zagaye 800 ke nan. Nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya gwada sau ɗaya ya wuce. A ganina wannan shi ne tsumulmula mafi tsada, domin ɓarnar gaske tana wani wurin. Tana wajen injin GPU, wato kwamfuta mai ƙarfi, da aka yi hayarsa da awa aka manta ba a kashe ba har gari ya waye, da wakilin da ya maƙale yana maimaita mataki ɗaya don ba a ƙayyade masa iyaka ba, da babban inji da aka ɗora wa aikin da ƙarami zai iya. Ku kuma lura, masu koyo: saƙon gargaɗin da kamfanin haya ke aikowa idan kuɗi ya kai wani adadi sanarwa ce kawai, injin yana ci gaba da aiki sai in kun saita shi ya tsaya.

Mai tunanin sayen injin kansa ya fara lissafa wuta. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin lantarki na kwastomomin rukunin A naira 225 kan kowane kilowat a awa, ga man janareto. Ga mai neman madadin na waje kuma, a cikin gida akwai Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya mai cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano, akwai kuma N-ATLAS, manhajar harshe da aka ƙaddamar a watan Satumban 2025 wadda Hausa ke cikin harsunanta. Ita ma sai an ɗora ta a ma'auni ɗaya da na waje kafin a ba ta aiki.

Abin da Kaduna za ta iya yi da ɗan abin hannunta shi ne haɗa kai. Jami'ar Jihar Kaduna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da cibiyar CoLab suna da ɗalibai da malaman da za su iya tara ayyukan gwaji da Hausar kasuwa, na shagon magani, na tashar mota, na gareji, a ajiye wuri guda kowa ya ɗauka kyauta, ta yadda matashi ɗaya ba zai biya kuɗin haɗa su shi kaɗai ba.