Me Ya Sa Mutanen Rasha Ba Sa Sakin Jiki da Rubul?

A wannan ɗan rubutu, ina so in bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa mutanen Rasha da yawa suke ɗari-ɗari da kuɗin ƙasarsu, wato rubul.

A shekarar 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, gwamnati ta daina ƙayyade farashi, kaya suka ninka kuɗinsu fiye da sau ashirin. Abin da tsofaffi suka yi shekaru suna tarawa a banki ya zama ba ya sayen abin kirki. A 1998 kuma, dala ɗaya ta tashi daga rubul 6 zuwa kusan 21 cikin 'yan makonni.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da rubul ya sake faɗuwa a Disambar 2014, jama'a suka yi rububin sayen firji, talabijin da motoci. A 2022 ma an yi dogayen layuka wajen cirar kuɗi, har babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 20 cikin ɗari don masu ajiya su haƙura.

A fahimtata, darajar kuɗi tana iya dawowa cikin watanni, amma yardar mai ajiya takan daɗe ba ta dawo ba.