Sunansa da Aikinsa: Tambayar Nahawun Turanci da ke Kayar da Ɗalibai

 Shirin yau na ɗalibai ne, amma iyaye kada ku murɗa rediyo, tunda ku ke biyan kuɗin jarrabawa.

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ya san wata tambaya da ba ta cika fashi ba a sashen auna fahimta. Sai a tsamo 'yan kalmomi daga cikin labari a ce: mene ne sunan wannan a nahawu, kuma wane aiki yake yi a jimlar? Makinta kaɗan ne. To amma da kaɗan-kaɗan ake haɗa kiredit, kuma ba kiredit a Turanci, ba shiga Jami'ar Modibbo Adama, balle Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke nan Yola.

Bari mu fara da raba yanki da ganga. Ganga tana da aikatau mai nuna lokaci, tare da mai yin aikin. Yanki kuwa tarin kalmomi ne da ke tafiya tare, ba su da wannan, sai dai akwai kalma guda a cikinsu da sauran ke yi wa hidima. Ita ake kira kai.

Ku saurari wannan jimla: "Yola is very hot in April." Gaskiya ce da ba sai an rantse ba, wanda ya kwana a Jambutu a watan Afrilu babu wutar lantarki shaida ne. Kalmomin "very hot" yankin sifa ne. Kansa "hot", ita kuwa "very" ƙara mata ƙarfi kawai take yi. Yankin sifa yakan miƙe ta baya ma: "afraid of the river", ko "too heavy for a keke". A nan ne Bature yake da wata ƙa'ida da ba a cika faɗa wa yara ba. Gajeren yankin sifa yana zuwa kafin suna, kamar "a very hot day". Amma da zarar ya ja jela, dole ya koma bayan suna: "a boy afraid of the river". Mu wannan bai kamata ya ba mu wuya ba. Bahaushe yana cewa farar riga, yana kuma cewa riga fara, Fulfulde ma bayan suna take ajiye sifa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Jimla ta biyu: "The woman in the blue veil sells fish at Jimeta market." Ku lura da yankuna biyu, "in the blue veil" da "at Jimeta market". Ƙirarsu ɗaya, kowanne ya fara da ƙaramar kalma mai nuna wuri. Ɗalibin da ya dogara da kalmar farko sai ya ba su suna ɗaya, ya zubar da maki. Ku tambayi na farko: me kake bayani a kai? Zai ce mace, wace mace, mai shuɗin gyale. Aikin sifa ke nan, amsar da za a rubuta ita ce "adjectival phrase", aikinsa kuma fayyace sunan "woman". Na biyun kuwa yana faɗin inda ake sayar da kifin, wato yana bayani a kan aikatau "sells", saboda haka yankin bayanau ne. Kamar mutum ne da safe yana aji ana ce masa malam, da yamma ya hau Keke Napep ana ce masa direba. Aikin da ka tarar yana yi shi ke ba shi suna.

Yankin suna ya fi sauƙi. In za ka iya cire shi gaba ɗaya ka sa "he", "she", "it" ko "they" jimla ta tsaya, to shi ne. "The old bridge over the Benue" duka sai ya koma "it".

Akwai wata dabara da ake haddatar da yara a wasu wuraren lesin, wai da ka ga "who" ko "which" ka rubuta gangar sifa ka wuce. A ganina wannan dabara ta fi rashin sani ɓarna, domin tana sa yaro ya amsa da ƙarfin gwiwa alhali ya kauce. A jimlar "The man who took the book has gone", "who took the book" gangar sifa ce, ba gardama, tana fayyace "man". Amma a "I know who took the book", kalmomin nan dai su ne, sai dai yanzu su ne abin da aka sani, sun koma gangar suna.

Kira ga malamanmu, musamman masu fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta: ku ɗauko misalai daga abin da yaro ke gani a Doubeli da bakin Binuwai, kuma kada ku ji kunyar yin bayani da Hausa ko Fulfulde in Turancin ya cije. Yaron da ke cewa "mai shuɗin gyale" ya riga ya iya yankin sifa, sunansa kawai ya rage a gaya masa.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku rubuta: "Modibbo Adama founded Yola in 1841." Ku nemo sunan "in 1841" da aikinsa, ku nuna wa malaminku gobe da safe. A huta lafiya.