Kuɗin cizo, fasinjan da ba ya biyan kuɗin mota

A cikin ƙwarin da ke shan jinin ɗan Adam, sauro ne kaɗai mai sallama. Zai zo kunnenka ya yi ta busa algaita, ka kai masa duka, ka kwaɗa wa kanka mari. Ƙuma tsalle ne sana'arta, kaska ta fi son shanu da karnuka, ƙwarƙwata kuwa ta kama gida a gashi ta zauna. Shi kuɗin cizo ba fiffike, ba tsalle, ba kuka. Rarrafe kawai ya iya. Amma da wannan rarrafen ya je Landan, ya kwana a Dubai, ya leƙa Guangzhou, ya dawo Kano lafiya lau, ko sisi bai ba kwandasta ba. A jakarka ya tafi, a jakarka ya dawo.

Sunan ma abin dariya ne. Shi ne kuɗin da ba wanda ke son ya tara, ba a fitar masa da zakka, wanda ya same shi kuma ba ya ba maƙwabci labari. A wasu wuraren gazunzumi ake ce masa. In ka gan shi da yunwa, bai wuce ƙwayar dawa da aka danne ba, tsawonsa kamar milimita 5, fale-fale kamar takarda, launinsa ƙasa-ƙasa mai ɗan ja. In ya ƙoshi sai ya kumbura, ya ƙara tsawo, ya yi jajir. Ka murƙushe shi, jininka ne zai ɓata maka yatsa, ga wani wari mai tayar da zuciya wanda duk ɗan makarantar kwana zai gane shi ko bayan shekara talatin. Wannan siririn jikin shi ne jarinsa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; shi kuɗin cizo ba ya jiran bango ya tsage, duk ramin da katin banki zai shiga ya ishe shi ɗaki da falo.

Ni dai ilimina a kansa ban same shi a arha ba. Wata shekara na je taro Alƙahira, aka sauke mu a wani otal mai ƙyalƙyali, daɓensa kamar madubi, zanen gado fari tas. Ina shiga ɗaki na yi abin da kowane matafiyi ke yi: na ɗora akwati a kan gado, na zuge shi, na baje kaya. Da dare na sauke shi ƙasa, na jingine shi da gefen gadon, a buɗe. Kwana huɗu na yi, ko ƙaiƙayi ban ji ba. Ashe ina cikin mutanen da fatarsu ba ta nuna cizon, kuma ire-irenmu suna da yawa. Na dawo gida, aka raba tsaraba, aka tura akwati ƙarƙashin gado. Bayan kamar wata guda autarmu ta fara tashi da ƙuraje a dantse, uku-uku a jere kamar an auna da zare. Muka ɗora wa sauro laifi, muka sake gidan sauro. Ran nan uwargida tana kakkaɓe katifa sai ta kira ni, ta ɗaga bakin ɗinkin, ta nuna mini wasu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an tsattsaga biro. Ta janyo akwatin, ta buɗe aljihun cikinsa, ga su nan lafe a bakin zif. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan tsarabar ce ba ka faɗa mana ba?"

Ban ce uffan ba. Wata biyu muka yi muna fama.

Yadda yake aikinsa ya isa a jinjina masa, in da ba a jikinka yake yi ba. Da rana yana ɓoye a ɗinkin katifa, ko bayan allon gado, ko ramin ƙusa, ko bayan hoton bango. In dare ya raba, iskar da kake fitarwa in ka yi numfashi da ɗumin jikinka su ne ke yi masa jagora. Bakinsa siririn bututu ne. Yana huda fata sai ya zuba yawu mai hana jini daskarewa, kuma yawanci ba ka jin komai sai bayan ya tafi. Minti 5 zuwa 10 ya cika tumbi ya koma maɓoyarsa. Wanzami ne mai ƙaho da ba a aika a kira shi ba, ba ya tambayar inda ke maka ciwo, ladan aikinsa kuma shi ne jinin da ya tsotsa. Abu ɗaya da za a yaba masa: har yau ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba, saɓanin sauro da ke barin zazzaɓi a bayansa. Sai dai an ce dare mahutar bawa, kuma hutun nan shi yake sacewa. Wanda ya taɓa zama da shi, ko zaren bargo ne ya shafi ƙafarsa sai ya zabura ya kunna fitila.

Wajen haihuwa ba ya wasa. Barbararsa ma ta mugunta ce, don namijin huda cikin macen yake yi kai tsaye. Mace na yin ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana, a rayuwarta tana iya zuba ɗaruruwa. Ƙwan fari ne, bai wuce milimita ɗaya ba, tana manna shi a lungu yadda kakkaɓa ba ta fitar da shi. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya ƙyanƙyashe. Ɗan yakan yi saɓa sau biyar kafin ya balaga, kuma kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. Ga haƙurin yunwa: yana iya yin watanni bai ci komai ba, yana lafe yana jiran mai rabo. Shi ya sa rufe ɗaki na mako biyu ba ya kashe shi, ajiye akwati a sito ma haka. Mace ɗaya mai ciki ta shiga jakarka, ta isa ta kafa zuri'a a gidanka. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Zamansa da mu ba yau aka fara ba. Masana na ganin tun zamanin da mutane ke kwana a kogo tare da jemagu ya sauya sheƙa daga jinin jemage zuwa namu. A Masar, a kufan Amarna, an tono gawarwakinsa da suka haura shekara 3,300. Pliny, marubucin nan na tsohuwar Rum, har ya rubuta cewa yana maganin saran maciji, wanda dai ba na ba kowa shawarar ya gwada. Manoman yankin Balkan a Turai kuwa suna da wata dabara mai ban sha'awa: su shimfiɗa ganyen wake a kewayen gado da dare, da safe su tattara su ƙone. Da masu bincike suka duba da madubin ƙara girma, sai suka ga ganyen na da wasu 'yan ƙugiyoyi da ke soke ƙafafun ƙwaron su riƙe shi. Mu a makarantar kwana tafasasshen ruwa muka sani. Ranar Asabar a fito da gadajen ƙarfe fili, a bi kowace mahaɗa da buta, kana gani suna fitowa suna faɗuwa. Ba mu san dalili ba a lokacin, amma mun dace, domin zafi shi ne babban maƙiyinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maganin DDT ya kusa share shi daga ƙasashen masu arziki, har aka yi wani ƙarni na Turawa da suka girma ba su taɓa ganinsa ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai ga shi ya dawo da ƙarfinsa. Jiragen sama sun yawaita, cinikin tsofaffin kujeru da katifu ya bunƙasa, shi kuma ya riga ya saba da yawancin magungunan feshi. A ƙarshen 2023 birnin Paris ya ruɗe, ana shirin wasannin Olympics na 2024, mutane na ta yaɗa hotunansa suna cewa a kujerun jirgin ƙasa da gidajen sinima suka ɗauka. Hukumar ANSES ta Faransa ta bayyana cewa tsakanin 2017 da 2022 kashi 11 cikin ɗari na gidajen ƙasar sun yi fama da shi, ta kuma ce shigarsa gida ba ta da alaƙa da yawan abin hannun mai gidan. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Mu nan mun ɗauke shi ciwon talaka da ƙazami, shi ya sa ake ɓoye shi kamar abin kunya, ɓoyon kuma shi ke ba shi lokacin hayayyafa. Ƙwaron da jini kaɗai yake ci, ina ruwansa da shara ko rashinta? Otal mai tauraro biyar da masaukin tasha duk ɗaya ne a wurinsa, muddin mutum zai kwanta ya yi numfashi. Abin da ke kawo shi otal shi ne baƙon jiya, abin da zai fitar da shi kuma kai ne.

Tun daga waccan tafiyar ta Alƙahira na sauya hali. Cizon kwana biyu a otal ba ya tayar mini da hankali sosai, zai warke. Akwatin nake tsaro. Ina buɗe ƙofar ɗaki, banɗaki nake wucewa da shi, in ajiye shi a kan tayil ko cikin kwamin wanka in busasshe ne, domin nan ne ya fi nisa da gado kuma babu wurin ɓuya. Sannan in kunna fitilar waya in yaye zanen gado ta wajen kai. Ina bin ɗinkin katifa da yatsa, in ɗaga kusurwa in leƙa ƙasa, in haska bayan allon gado in yana motsuwa, in duba durowar gefe da kujerar da ke kusa. Ba lallai ka ga ƙwaron kansa ba. Kashinsa za ka nema, ɗige-ɗigen nan baƙaƙe, da saɓarsa mai kama da ɓawon hatsi, da ɗigon jini a zane. Duk aikin bai fi minti biyar ba. In na ga alama, ba na tsayawa musu, sai in nemi a sauya mini ɗaki, kuma ba na karɓar na kusa da shi ko na samansa ko na ƙasansa, don yana bin ramukan wayar lantarki da bututu ya ƙetara.

Ko ɗakin ya fita tas, akwati ba ya hawa gado, ba ya zama kan kafet. In akwai abin ɗora kaya na ƙarfe, sai in duba maɗaurinsa, in janye shi daga bango. Ba na juye tufafi a durowar otal, kuma kullum zif a rufe yake. Akwati mai tauri ya fi na yadi, don na yadi duk ɗinki ne da aljihu, balle jakar gana-masgo da 'yan kasuwarmu ke cika wa maƙil su jingine da gado. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: kuɗin cizo iri biyu ne ke bin mutum. Na ƙasashen sanyi santsi na ba shi wahala, amma na ƙasashen zafi, wanda mu da mutanen Kudancin Asiya muka fi sani, ya fi shi iya hawa wuri mai santsi. Don haka tayil taimako ne kawai, kada ka saki jiki.

Sai kayan dauɗa, kuma nan yawancinmu muke faɗawa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka ajiye jakunkuna a ɗaki, wasu da wankakkun tufafi, wasu da waɗanda aka sa aka cire, suka saki ƙwarin. Waɗanda suka taru a jakar masu dauɗa sun ninka na ɗayar. Warin jikinka da ya rage a singileti da safa shi ke kiransa in ba ka cikin ɗakin. Saboda haka duk abin da na cire, leda yake shiga in ƙulle bakinta tam. Dardumar sallah ma ba na barin ta shimfiɗe a gefen gado ta kwana. Ina idarwa nake naɗe ta in sa a leda. Hula da takalmi su ma ba na jefar da su ƙasan gado.

In an dawo gida, wanki da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 na kashe shi har da ƙwansa. Wanda ba shi da injin da zai ba shi wannan, ya dafa ruwa ya jiƙa abin da zai jure, sauran kuma ya bi su da dutsen guga mai zafi, musamman ɗinki da aljihu da wuyan riga. Har kayan da ba ka sa ba. Sanyi ma na kashe shi, kwana huɗu a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, sai dai da irin wutar lantarkinmu wannan magana ce ta mai sola. Rana tana taimakawa ga ƙananan kaya in an ɗaure su a baƙar leda a zafin Afrilu, amma katifa ko akwati mai kauri, ƙwaron komawa yake ɓangaren da ke inuwa ya jira magariba. Shi akwatin a zazzage shi, a bi lungunansa da buroshi mai tauri da fitila. Fiya-fiya da sauran magungunan gona kuwa, don Allah a nisantar da su daga tufafi da ɗakin kwana. Sau da yawa ƙwan na tsira, mai feshin da iyalinsa su ne ke shaƙa, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya. In abin ya riga ya kama gida, a nemi masu sana'ar feshi da suka san aikinsu.

Don haka ɗan'uwa matafiyi, ko daga Umara ka dawo ko daga sarin kaya, in yara suka taho da gudu suna oyoyo, bar su su rungume ka. Amma kada ka bari su ja akwatin zuwa ɗaka. A tsakar gida za a buɗe shi, a kan siminti, da rana tsaka.