Wushiryar RAM da sauran abubuwan da mai haɗa kwamfuta zai duba

Mai haɗa sabuwar kwamfutar tebur yakan kwana yana lissafin furosesa da katin hoto, sai ya bar RAM a ƙarshe kamar cefanen gishiri. Can a shago ya ga sanda mai ƙyalli an rubuta 6000 a kwalinta, ya biya, ya dawo gida, sandar ta ƙi shiga gurbi. Nan ne ake gane cewa ba aljihu ke zaɓen RAM ba, madabod ce da furosesa.

RAM ita ce faifan da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. Da an ɗauke wuta, komai ya goge. Iri biyu ke yawo a kasuwa yanzu: DDR4, wadda ta fito a 2014, da DDR5, wadda ta isa hannun masu saye a ƙarshen 2021. Tsawonsu ɗaya, kowace tana da haƙora 288, amma akwai wata 'yar wushirya a tsakanin haƙoran, kuma ba wuri ɗaya aka yanka ta ba. Da gangan aka yi hakan, don kada a cusa wata a gurbin wata. Wanda ya danna da ƙarfin tsiya, madabod ɗinsa zai yi wa illa.

To wace ce ta wa? A ɓangaren AMD maganar a sarari take: madabod mai mazaunin AM4 sai DDR4, mai AM5, wanda ya zo da Ryzen 7000 a 2022, sai DDR5. Intel ce ke rikita mutane. Furosesocinta na zubi na 12 zuwa na 14 suna iya aiki da kowane iri, sai dai kowace madabod iri ɗaya tak take karɓa. Shi ya sa ake ganin madabod biyu masu kusan suna ɗaya, ɗaya da D4 ko DDR4 a ƙarshen sunan, ɗaya babu.

Sandar laftof gajeriya ce, ba ta shiga kwamfutar tebur. Haka ma RAM ta manyan sabobi, wadda ake kira RDIMM, da kan ɓullo cikin kayan tokumbo da araha mai jan rai: madabod ta gida ba za ta tashi da ita ba.

Sai lambar gudu, inda talla ta fi yawa. Sandar da aka rubuta wa 6000, idan aka saka ta, galibi a 4800 za ta fara, har sai an shiga BIOS an kunna XMP a Intel ko EXPO a AMD. Mutane da yawa sun biya kuɗin gudun da ba su taɓa amfani da shi ba, shekara da shekaru. Kuma ba dole ne furosesa ta ɗauki wannan gudun ba. AMD da kanta ta tsayar wa Ryzen 7000 gudun 5200 da sanda biyu, amma da sanda huɗu ya sauko zuwa 3600. Cika gurabe huɗu yana da kyan gani, a DDR5 dai sau da yawa jidali ne.

Sanda biyu masu gigabayit 16 da aka sayar a kwali ɗaya sun fi guda ɗaya mai 32, domin hanya biyu ke buɗewa tsakanin RAM da furosesa. A yawancin madabod mai gurbi huɗu, na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa, wato A2 da B2. Sayen ɗaya yau da ɗaya baɗi caca ce, ko da suna da lamba sun zo ɗaya, saboda kamfani na iya sauya ƙwayoyin da ke ciki.

Kamfanoni irin su ASUS, MSI da Gigabyte suna wallafa jerin sandunan da suka gwada a kan kowace madabod, sunansa QVL. Rashin suna a jerin ba ya nufin sanda ba za ta yi ba, amma samunsa yana rage fargaba. Akwai kuma tsayi: wasu sanduna masu fitilu sukan tokare fankar sanyaya furosesa idan babba ce. Bayan an haɗa, a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwaji tun rasit yana hannu, kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce.