Yadda Rukunin Kamfanonin Ɗangote Ke Sauke Haƙƙin Al'umma

Hidimar da rukunin kamfanonin Ɗangote ke yi wa jama'a tana bin hanyoyi uku ne, kuma kowace da inda kuɗinta ke fitowa.

Ta farko wajibi ce. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tilasta wa mai haƙar ma'adinai ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da ke wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta bayan kowace shekara 5. Wannan ya shafi masana'antun siminti na Obajana a Jihar Kogi da Ibese a Jihar Ogun, inda ake haƙar farar ƙasa.

Ta biyu musayar haraji ce. Bisa umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019, an ba kamfani damar gina hanyar gwamnati, sannan a cire abin da ya kashe daga harajinsa. Da haka aka sake gina hanyar Apapa zuwa Oworonshoki a Legas. Saboda haka wannan ba kyauta ba ce.

Ta uku ita ce Gidauniyar Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a 1994, aka kuma ware mata dala biliyan 1.25 a 2014. Ta haɗa gwiwa da Gidauniyar Gates wajen yaƙi da shan-inna, cutar da aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin nau'inta a 2020.

Ga ɗan kasuwa, ta farkon ce ta fi nauyi. Masana'antar da maƙwabtanta suka tare wa ƙofa ba ta fitar da ko buhu ɗaya, alhali albashi da kuɗin ruwan banki suna ci gaba da hawa.